Ta Sake Ɗaukewa

Kafin ciwon ya same shi, Rediyo abokan aikinsa na maɗaba'a suke ce masa, kuma wallahi ba su zalunce shi ba. Mutum ne da in ya ɗauko labari tun daga ƙofar gida, sai ya cire takalmi, ya wanke hannu, ya cinye abinci, labarin bai kai rabi ba. Matarsa kuwa Gwamnati yake kiran ta, wai don ita ke kafa doka a gidan, ita ke karya ta. Ita Malam take ce masa. In ya ishe ta da surutu ta ce, "Malam, a ɗan rage murya, batir zai ƙare."

Sai ga shi wata safiya ya faɗi a banɗaki. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi. In ya yunƙura zai yi magana sai wani gurnani ya fito, shi da kansa ya ji kunyar abin ya yi shiru. Aka ba shi biro da takarda, hannun hagun yana rawa, rubutun ya fito kamar kaza ta yi tono. 'Yarsu da ke aure a wani gari ta aiko da waya mai faɗin fuska, yatsan ya nufi harafi ɗaya ya danne uku. Gwamnati ce ta tuna da tsohuwar kwamfutarsa ta tebur, wadda ya yi shekara da shekaru yana buga littattafan mutane da ita. Ta sa aka sauko da ita daga saman kwaba, aka kafa ta a falo kusa da taga. Yatsunsa sun san madannan nan kamar yadda ƙafa ta san hanyar gida. Da yatsa ɗaya na hagu, a hankali, ya buga mata maganarsa ta farko da manyan haruffa: "GWAMNATI SHAYIN NAN BA SUKARI. ZALUNCI." Ta yi ta dariya har ta zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta koma kuka.

To, tun daga ranar kwamfutar nan ta zama bakin Malam. Kullum da hantsi ta tallafo shi, hannunsa a kafaɗarta, ta zaunar da shi a gaban tebur, ta janyo 'yar kujerarta gefensa da kayan ɗinkinta. Yana bugawa tana karantawa a fili. Da ita yake gaya mata inda ke ciwo, da ita yake gulmar maƙwabcinsu mai wanke mota sau biyu a yini, da ita yake tsokanar ta. In ta yi azarɓaɓi ta ƙarasa masa kalma kafin ya gama, ya harare ta, ya goge, ya buga wata daban don kawai ya ƙaryata ta. Ita dai ta san abu ɗaya: muddin fuskar kwamfutar nan tana haske, mijinta yana nan.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wata rana yana tsakiyar ba ta labarin wani tsohon ubangidansa, sai ɗif, fuskar ta yi baƙi, fankar ciki ta yi shiru. Gwamnati ta ɗaga kai. Ƙwan falo na ci, fankar sama na juyawa. Ba masu wuta ba ne. Ta danna maɓallin jikin kwamfutar, shiru. Ta duƙa ta ɗaga ƙyallen teburin, wanda ya sauka har ƙasa, ta taɓa wannan waya ta taɓa waccan, ta kashe ekistenshan ta kunna, sai ga ta ta tashi. Amma tsohuwa ce, tashinta aiki ne: ta yi nishi, ta yi ƙara, ta jero wasu rubuce-rubuce, ta tsaya tana tunani. Kafin ta gama shiri abin da ya buga ya tafi, shi kuma ya nuna ƙofar ɗaki da haɓa, alamar a kai shi ya kwanta.

Bayan kwana kaɗan ta sake. Ta kuma sake. Kuma tsinanniyar ba ta tashi ɗaukewa sai magana ta yi daɗi, kamar an aiko ta. Gwamnati ta kira ƙaninta.

Auta ake ce masa har yau, ga sanƙo ga furfura a gemu. Gyaran kwamfuta ne sana'arsa, yana da shago a layin masu kayan lantarki. Tsakaninsa da Malam wasa ne tun ranar da aka kawo Gwamnati gidan. Yana shigowa da jakar kayan aiki ya ce, "Mijin Yaya, an ce rediyon ya fara ɗaukewa. Tsufa ne ko rowar kuɗin batir?"

Malam ya buga masa: "SANƘO YA ZO A ƁOYE MADUBI."

Auta yana da doka guda a aikinsa, kuma bai taɓa karya ta ba: ba ya canja abu biyu a zuwa ɗaya. Ya ce in ka canja biyu ta warke, ba ka san wanne ne mai laifi ba, gobe ciwon ya dawo ka rasa inda za ka kama. Ya kwance murfin gefe, ya leƙa, ya ja tsaki.

"Yaya, wannan ai ba kwamfuta ba ce, katifa ce. Dubi ƙura. Zafi ke kashe ta. In ta ji za ta ƙone sai ta kashe kanta."

Ya fita da ita tsakar gida ya busa ta da bulowa, ƙura ta tashi har Gwamnati ta kwashe shanya. Ya cire fankar da ke kan ƙwaƙwalwarta, ya kankare tsohon man da ya bushe, ya shafa sabo, ya mayar. Ya ce an gama. Gwamnati ta yi masa addu'a har bakin ƙofa.

Ba a rufa mako ba ta ɗauke.

Ya dawo. Wannan karon ya ce akwatin da ke raba wuta a cikinta ne ya gaji, in sun tsufa haka suke yi. Ya sa sabo fil daga kwali. Ta ɗauke. Ya dawo ya zare ɗan siririn allon da ke riƙe mata tunani, wanda suke kira ram, ya goge bakinsa da magogin fensir, ya mayar har ya ce ƙas. Ta ɗauke. Ya canja wayar wuta. Ya canja ekistenshan, ya kawo wani mai jan makunni irin na da. Ya kwance soket ɗin bango, ya sa mita ya auna, ya ce wutar gidan lafiyarta ƙalau. Duk a banza, wai an tsikari kakkausa.

Gwamnati ta fara jin tsoro, tsoro na gaske, irin mai sa mutum ya manta ko ya ci abinci. In ta zauna gefensa ba ta ɗinki, idonta na kan fuskar nan tana roƙon ta a zuci. Maganganun Malam suka gajarce. Ta ce ai dole, wa zai ɗauko dogon labari alhali ya san za a katse shi? Ta lura kuma yakan daɗe yatsa a sama kafin ya sauke. Ta ce fargabar ɗaukewar ce. Duk abin da ta gani, kwamfuta ta ɗora wa.

Daga baya Auta ya ce zai tafi da ita shago ya sa mata ido. Kwanakin da ta yi a can, gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Malam ya nuna kofi, a ba shi ruwa. Ya nuna ƙofa, a kai shi. Abin da ya ɗaure mata kai, bai nuna ɓacin rai ba ko kaɗan. Har ma ya fi cin abinci. Ta ce haƙuri ne irin nasa, ta ƙara jin tausayinsa.

Auta ya dawo da ita yana sosa sanƙo.

"Yaya, dare da rana tana kunne a shagona. Na ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta, na jijjiga ta, har marin ta na yi. Ko gezau."

"To ni ƙarya nake yi?"

"Wa ya isa ya ce haka? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma dai abin da mamaki."

Ya bar musu wata kwamfutar ta aro, sabuwa-sabuwa, ya haɗa ta da madannan Malam. Ita ma kwana biyu ta yi ta ɗauke ɗif a tsakiyar magana. Ranar Gwamnati ta shiga kicin ta rufe ƙofa ta yi kuka mai isarta. Har ta fara tunanin ko hannu aka sa musu, ita da ba ta taɓa yarda da irin waɗannan maganganu ba.

Abin ya tsaya wa Auta a rai. Mutum ne mai ji da sana'arsa, kuma yana ganin yayarsa tana ramewa. Wata rana da azahar, Malam na barci, ya shigo rungume da wani baƙin akwati mai nauyi, yana haki. Ya mayar da tsohuwar kwamfutar wurinta, ya tura akwatin bayan tebur, ya jona shi a ekistenshan, ya jona kwamfutar da fuskarta a jikinsa.

"Batir ne a ciki," ya ce da ita ƙasa-ƙasa. "Ina zargin wutar layinku tana ƙyaftawa, ƙyaftawar da ido ba ya gani, mita ba ta kamawa. Da wannan, ko an yanke wutar gaba ɗaya kwamfutar ba za ta mutu ba. Kuka kawai zai yi, ɗit, ɗit, ya gaya miki. In wannan bai yi ba, Yaya, na ajiye sukuddireba na koma sayar da rake."

Ta ce Allah ya yi masa albarka. Ba ta gaya wa Malam ba, don ta gaji da sa masa rai. Ta ce bari ya gani da idonsa.

Washegari aka tashi da ruwan sama, garin ya yi sanyi. Ta zaunar da shi, ta kunna, ta ɗauki ɗinkinta. Ya buga mata gaisuwa, ta amsa. Ya ɗan jima, sannan ya soma:

"KI KAWO MIN"

Ta karanta a fili, ta jira. Yatsan ya tsaya a sama.

"ABIN"

"Ina jin ka, Malam."

"ABIN NAN NA SANYI. WANDA AKE"

Yatsan ya yi yawo a kan madannai, ya je hagu, ya dawo dama, bai sauka ba. Ta danne bakinta, don ta san ba ya son a ƙarasa masa. Sai ta ji ƙas a ƙarƙashin tebur. Nan take akwatin ya ɗauki kuka, ɗit, ɗit, ɗit. Fuskar kwamfutar na nan da haskenta, rubutun na nan.

Daɗi ya kama ta. Ta buɗe baki za ta ce Auta ya yi nasara, sai ta sake jin ƙas, kukan ya tsaya. Ƙas, ya dawo. Ƙas, ƙas. Ta ajiye ɗinkin, ta duƙa, ta ɗaga ƙyallen. Babban yatsan ƙafarsa ta hagu, mai lafiyar, yana kan jan makunnin ekistenshan, yana dannawa yana sakewa.

Ta daɗe a duƙe. Duk zuwan da Auta ya yi, duk kayan da aka canja, duk daren da ta kwana tana tsine wa ƙarfe da waya, suka dawo mata. Kwamfutar lafiyarta lau tun farko. Kalmomi ne ke ɓace wa Malam. In ya kai tsakiyar magana ya nemi kalma ya rasa, sai ya kashe, ya danna ya mayar kafin ta duƙa, ko ya bar ta ta yi ta lalube. Mutumin da duk gari ya san shi da baki, ya gwammace a ce inji ne ya lalace.

Da ta ɗago, idonsa na kanta. Bai kawar ba. Akwatin na ta kuka a bayan tebur.

"Bargo?" ta ce.

Ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta ɓangaren da ya shanye. Ta shiga ɗaki ta ɗauko bargon, ta tsaya rungume da shi a bakin gado. Ba haushinsa ta ji ba. Tsoro ta ji, da wani kaɗaici da ba ta taɓa sani ba ko a ranar da ya faɗi. Ciwon inji yana da shago. Wannan fa, ina za ta kai shi? Ta goge fuska, ta fito, ta lulluɓa masa a kafaɗa.

Da yamma Auta ya zo da fara'arsa, tun daga tsakar gida yake tambaya. Ta tare shi a can, ba ta bar shi ya shiga falo ba.

"Ba ta mutu ba," ta ce.

"Alhamdu lillahi. Ai na faɗa miki."

"Ka zo ka cire akwatinka."

Ya tsaya yana kallon ta. "In cire? Yaya, wata nawa muna fama?"

"Kukansa ya dame ni."

"Ai kukan shi ne aikinsa. Ba ya yi sai an yanke masa wuta. Sau nawa ya yi?"

"Da yawa."

"A jere?"

Ta juya za ta shiga kicin.

"Ƙwai ya ƙyafta? Fanka ta rage gudu?"

"Auta, ɗauki kayanka."

Ya dubi ƙofar falon. Mutumin da ya canja komai ɗaya bayan ɗaya ai ya san abin da bai canja ba. Ta ga lokacin da abin ya faɗo masa, fara'ar ta zube daga fuskarsa. Ya zauna a kan bokitin da ke kife, ya riƙe kai.

"Garin gyaran gira na tsokane ido," ya ce. "Da na sani da na bar masa abinsa."

"Ba laifinka ba ne. Aikinka ka yi."

"Sai a koma asibiti, Yaya."

Aka koma. Likita ya nuna wa Malam agogo, ya nuna masa cokali, ya ce ya buga sunayensu a wata kwamfuta da ke ofishin. Ya sami ɗaya, ya rasa ɗaya. Aka ɗauki hoton kai. Likitan ya ja Gwamnati gefe ya ce ƙananan jijiyoyi ne ke ci gaba da toshewa a inda magana take. Ya ƙara magani, ya ce zai iya rage saurin abin, amma wanda ya tafi ya tafi. Ta tambaye shi ko zai tsaya haka. Ya ce a yi ta addu'a, ita kuwa ta san ma'anar wannan amsa.

Auta ya cire akwatinsa, ya mayar da wayoyi yadda suke. A gaban Malam ya ce, "Mijin Yaya, kwamfutarka ta gagare ni. Aljanu ne a ciki." Ya yi dariya shi kaɗai. Malam bai buga masa komai ba.

Aka ci gaba da zama. Ba ta taɓa tayar masa da maganar ba, shi ma bai tayar ba. In ya maƙale ya kashe, ta ja tsaki ta ce, "Kai, wannan kwamfuta ba ta da mutunci." Ta duƙa ta yi ta taɓe-taɓen wayoyi, ta ba shi lokaci ya daidaita fuskarsa. Ya san ta sani. Ta san ya san ta sani. In 'yarsu ta bugo waya ta ce a karanto mata abin da Baba ya ce, Gwamnati ta ƙirƙiro tsokana irin tasa ta karanta daga fuskar da ba komai a kanta. Yarinyar ta yi ta dariya a can, ta ce Baba dai ba ya canjawa.

Labarai suka ƙare, gulmar maƙwabci ta ƙare. Aka koma "RUWA", aka koma "CIWO". Wata rana a yi kalma uku, wata rana ɗaya. Ƙafar hagun ma ta fara ja, har sai Auta ya zo suke iya fito da shi wanka.

Wata rana da hantsi ta zaunar da shi ta kunna. Ya daɗe yana kallon madannai kamar baƙo a tasha. Ya sauke yatsa ya buga harafi biyu da ba su haɗa komai ba. Ya dube su. Ya dube ta. A idonsa ta ga yana da magana, babba, tana nan cike da shi, ba ƙofar fita. Sai ta ji ƙafarsa tana jan ƙasa a ƙarƙashin tebur, tana lalube. Ƙafar ta sami ekistenshan ɗin, ta hau, ta zame. Ta sake hawa. Yatsan ya kai kan makunnin, amma ba ƙarfin dannawa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Haruffan nan biyu suna tsaye a fuskar kwamfuta, ƙato-ƙato, a gabansu su biyu.

Gwamnati ta saki almakashinta ya faɗi.

"Af, ka ga shirme," ta ce.

Ta duƙa, ta shiga ƙarƙashin ƙyallen. Ta kama ƙafarsa, sanyi ƙalau, ta sauke ta a hankali ta ajiye a kan takalminsa. Ta danna jan makunnin da hannunta. Fankar ciki ta yi shiru. Ta ɗauki almakashin ta miƙe.

"Ka gani ko, Malam? Ta sake ɗaukewa."

Ya yi ta kallon ta, ita kuma ta kasa komawa kan ɗinkin.

Washegari da ta zaunar da shi, ta miƙa hannu za ta kunna, sai ya riƙe mata wuyan hannu da hannunsa na hagu. Riƙon ba ƙarfi, da ta so da ta zare. Ba ta zare ba. Suka zauna haka a gaban baƙar fuskar har rana ta bar tagar. Ba a sake kunna ta ba.